Ƙwai Tara, Macizai Bakwai

Saura kwana goma sha shida a ɗaura mini aure da Tate Ledbetter, ƙwai biyu na ƙarshe suka fashe. Ranar Alhamis ce, takwas ga Agusta, bakwai saura na safe. Na rubuta wannan a kati tun kafin in leƙa akwatin da kyau, don haka Baba ya koya mana: a fara rubutawa, sannan a yi murna.

Masu bina a shafin nan tun farko kun san gidanmu. Wanda yau ya shigo, sunana Lorna Kubecka, ina ɗauko wa wata ƙaramar jarida ta San Angelo labaran kotu. Mahaifina, Emil, kiwon sarkin macizai yake yi tun ba a haife ni ba. Ba su da dafi, mutane na saye su ajiye a falo cikin gilashi. Sarautar sun same ta ne don suna haɗiye 'yan'uwansu macizai, har masu dafin. Muna da ɗari biyu da 'yan kai a dogon ɗakin kwano da ke bayan gida, kowanne a akwatinsa na roba, kowane akwati da katinsa. Ba a haɗa biyu sai da ido a kansu.

Ƙwan na Penny ne, macijiyata, guda tara, manne da juna kamar an liƙa su da ƙaro. Bakwai sun fito tun Talata da Laraba, baƙaƙe wuluk da yayyafin rawaya, kamar uwarsu, kamar ubansu. Na raba su a ƙananan kwanukan roba, na ɗauki hoto na tura wa Tate, tunda ubansu macijinsa ne. Biyun da ke ƙasa su suka makara.

Da na ɗaga murfin, na tarar da su kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, tsawon kowanne bai fi taƙi guda ba. Yayyafin rawayan yana nan. Amma duk inda ya kamata a ga baƙi, tagulla ce, ja mai sheƙi kamar sabon kwabo. Idanunsu ruwan toka. Ɗaya yana da ɗan lanƙwasa a ƙashin baya, daf da wutsiya.

Na mayar da murfin. Na je na wanke hannu, ko da yake ban taɓa komai ba.

Sai na gaya muku abin da wannan launi yake nufi a gidanmu, in ba haka ba za ku ce abin murna ne ya same ni.

Mahaifiyata, Opal, ita ta tsinci na farko a bakin titi kusa da Sanderson, shekara goma sha biyu da suka wuce. Namiji ne, ta sa masa suna Deacon. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Baba ya kai shi baje kolin macizai na San Antonio sau ɗaya tak, hotonsa ya zaga, tun daga nan masu kiwo suke kiran launin tagullar Kubecka.

A teburin kicin Baba ya koya mana lissafin, ni da yayana Royce, da wake baƙi da wake ja. Kowane maciji, in ji shi, wake biyu yake ɗauke da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Baƙi yana rufe ja. Mai baƙi da ja, a ido baƙi ne, ba ka iya raba shi da na daji. Tagulla ba ta fitowa sai ja ya haɗu da ja. Duk ɗan da Deacon ya haifa yana ɗauke da jan wake a ɓoye. In ka haɗa masu ɗauke biyu, cikin kowane ƙwai huɗu ka sa ran tagulla ɗaya.

"Daga ɓangare biyu," haka yake cewa yana buga teburin da yatsa. "Uwa da uba. Wannan ba ra'ayi ba ne."

Baba bai taɓa sayar da tagulla ba, bai kuma taɓa sayar da mai ɗauke ba, ko ɗaya. Jinin ya yi kusa da yawa, 'ya'yan suna zuwa da lanƙwasasshen baya, shi kuwa ya rantse ba zai fitar da su kasuwa da sunan matarsa ba sai sun miƙe. Royce yana ganin taurin kai ne. Sun sha yin sa-in-sa a kan haka.

Shekara biyar da suka wuce, cikin Afrilu, Mama ta rasu. Ranar jana'iza gidanmu ya cika da masu kiwo daga ko'ina, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Da yamma Baba ya shiga ɗakin macizai, ya tarar da akwatin Deacon a rufe, babu kowa a ciki. Kwana uku kafin nan Royce ya ce a gaban mutane zai ɗauki macijin ya sayar a biya asibiti. Baba bai nemi wata shaida ba. Ya fitar masa da jakarsa bakin ƙofa, furannin ta'aziyya ba su ko yi yaushi ba. Royce yana Lubbock yanzu, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Rabona da jin muryarsa shekara biyu. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yarda shi ne.

Bayan satar Baba ya yi abu biyu. Ya kwashe 'yan tagullar da suka rage ya mayar ɗakin kwanansa. Masu ɗauke kuma, tunda a ido ba a gane su, kati ɓarawo zai karanta, sai ya juya katunan. Wanda katinsa ya ce mai ɗauke ne, tsantsar na daji ne. Wanda katinsa ya ce tsantsa, sai a shafa ƙarƙashin akwatin. In akwai ɗigon jan farcen Mama, 'yar Deacon ce ko ɗansa. Mu uku muka san wannan: Baba, ni, da Gwaggo Vlasta, yayarsa, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar.

Katin Penny ya ce tsantsa. A ƙarƙashin akwatinta akwai ɗigon jan farce. Tana cikin ƙwai na ƙarshe da Deacon ya bari.

Wayata ta yi ƙara a aljihun wandona.

Tate, 7:04: *Amaryata ta tashi? Malalatan nan biyu fa, sun leƙo?*

Na rubuta *tukuna*. Ƙaryata ta farko ke nan gare shi tun da muka haɗu.

A kicin Gwaggo ta riga ta baza rigar a kan kujeru biyu. Rigar auren Mama ce, launin madara, mai dogon hannu na leshi da maɓallai talatin da biyu a baya. Mako uku ke nan tana rage ta. Ƙamshin kolache, burodin zaƙi mai cikin tuffa, ya cika gidan, tire biyu na gwaji ne kafin na biki.

"Shigo, shigo. Kin wanke hannun? Kar ki taɓa mini leshi da warin ɓera."

Na sa rigar, na hau kan ƙaramin benci. Ta cika baki da fil tana zagaya ni.

"Kin ƙara ramewa. 'Yar nan, ni kike so a zaga? A ce Vlasta ta aurar da sanda?"

"Zafi ne, Gwaggo."

"Zafi. Ni a shekarunki zafi ƙiba yake sa ni. Miƙe kafaɗa. Yaro kamar Tate, mai cire hula in zai gaishe da tsohuwa, yau ina ake samunsu? Da ni ce da na yi ta cin abinci don murna."

Baba yana gefen tebur da kofin gahawa, ya sa rigar fita, don likitan ido zai gani a Abilene. Idonsa na hagu ya yi yana, launuka sun fara rikice masa. Shi ya sa bana ni ke duba ƙwai.

"Baba, in tambaye ka."

"Ina ji."

"Mace mai ɗauke, namiji na daji tsantsa. Tagulla za ta iya fitowa?"

Ya ajiye kofin. "Kin manta karatunki ne, ko in ɗauko wake?"

"Ko sau ɗaya cikin dubu?"

"Ko cikin dubu goma. Sai dai in macen ta ajiye ruwan wani namiji tun bara, suna yin haka. In ba wannan ba, to namijin ba tsantsa ba ne. Me ya kawo maganar?"

"Wani ne ya yi tambaya a intanet."

"Ki ce masa ya koma wurin wanda ya ba shi namijin, ya kalle shi ido cikin ido."

"Ana maganar aure, kuna maganar ƙwan maciji," in ji Gwaggo ta gefen baki. "Juya."

Na juya, na ba Baba baya. Wataƙila shi ya sa na iya faɗa.

"Akwai sauran katin gayyata huɗu. Da a aika ɗaya Lubbock."

Gwaggo ta zare fil ɗaya daga bakinta, ba ta soka shi ko'ina ba.

"Ba ni da kowa a Lubbock," in ji Baba. Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Ɗa guda na rasa, Allah ya musanya mini da wani. Na gaya wa Tate, yanzu ina gaya miki. Ranar da aka ɗaura, tagulla ta zama taku, ke da shi. Yana da ido, yana da haƙuri. Shi zai fitar da ita kasuwa da sunan uwarki."

"Yaushe ka gaya masa?"

"Tun Fabrairu. Kafin ma ya nemi aurenki, na ce duk wanda ya aure ki shi ne magajin ɗakin can. Vlasta, za mu makara."

Tate ya ba ni zobe a ƙarshen Fabrairu.

Ga kuskurena, ku rubuta shi a kaina. Da na kama hannun Baba na kai shi ɗakin can, na buɗe masa akwatin a ƙarƙashin fitila. Ban yi ba. Na san zai kira Tate nan take, don Baba ba ya iya riƙe magana. Na kuma san abin da zan nuna masa ba 'yan macizai biyu ba ne kawai. Zan nuna masa ya kori ɗansa a ranar da aka binne matarsa, wataƙila a kan laifin wani. Na ce bari in tabbatar tukuna. Ƙarfe tara da rabi motarsu ta fita, sai shida za su dawo.

Na cire rigar na rataye. Na zauna a teburin da takarda, na yi abin da nake yi a kotu, na jera abin da na sani.

Penny ba ta taɓa ganin namiji ba sai bana. Ta fito ƙarama, tana ƙin cin abinci, ni na rene ta da guntun wutsiyar ɓera, ta yi shekara biyar ita kaɗai a akwati. Maganar ajiyar ruwan bara ba ta taso ba.

Namijin na Tate ne. A watan Janairu muka je gidansa kusa da Eden, ni da Baba, ya gasa mana naman ƙirjin saniya da wake. Baba ya ga macijin a falo, baƙi, ƙaƙƙarfa, ɗan shekara huɗu, bayansa a miƙe sambal. Ya ce irin sabon jinin da yake nema ke nan.

"Ina ka samo shi?"

"Da hannuna na kama shi, Baba. Ƙarƙashin tsohon kwanon rufi, a gonar kakana da ke Cotulla."

"To ka ara mini shi bana."

Na tuna Tate ya so ya zille. Ya ce macijin yana da ƙyuya, ya ce yana da wani da ya fi shi. Baba ya ce wannan yake so. Wanda ke neman 'yar mutum ba ya hana shi aron maciji.

Daga Cotulla zuwa Sanderson tafiyar awa biyar ce. Jan waken Deacon ba ya tafiya da ƙafa.

A watan Maris, da muka fito da macizai daga sanyin hunturu, Tate ya kawo namijin a jakar yadi. Ya ce alfarma ɗaya yake nema, shi zai zaɓi macen. Ya bi layin akwatuna yana karanta kati ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya tsaya a kan na Penny.

"A fara da tsantsa, Baba, a ga irin 'ya'yan da yake bayarwa. Kar a ɓata jininku mai daraja da baƙo." Ya waiwayo ya yi mini murmushi. "Kuma ta Lorna ce. Mai shiru-shiru kamar uwar ɗakinta."

Baba ya ƙifta mini ido, bai gyara masa ba, don abin da yake so ke nan, mai ɗauke da sabon jini. Ni kuwa ranar na kwana ina jin daɗi wai ya zaɓi tawa. Yanzu na gane mace yake nema wadda ba za ta tona namijinsa ba. Kati ya karanta. Bai san katunanmu ƙarya suke yi ba.

Ɗan shekara huɗu, mai ɗauke da jan wake, wanda ba a gidanmu aka ƙyanƙyashe shi ba. Uba ɗaya ne zai iya haifarsa, kuma bayan ya bar gidanmu. Sabon jinin da Baba ya roƙa ƙanen Penny ne. Ga dalilin lanƙwasar da ke bayan jaririn.

Na yi wa Tate adalci a takardar, kamar yadda ake yi wa wanda ake tuhuma. Yana iya yiwuwa saya ya yi a hannun ɓarawon, har ma a hannun Royce, ya yi ƙaryar Cotulla don kunya. Na rubuta wannan, na ja layi a ƙarƙashi. Sai na tuna ƙofa.

Ƙofar ɗakin macizai ta sunkuya tun ina yarinya. In ka tura ba ta buɗewa, sai ka kama mariƙin ka ɗaga sama tukuna. Duk baƙo sai ya yi kokawa da ita, har likitan dabbobinmu, mai shekara goma yana zuwa. Tate ya ce bai taɓa taka garinmu ba sai Oktoban bara, bayan mun haɗu a baje koli. Ranar da ya fara zuwa shi ne a gaba, ni a baya da kofunan shayi mai ƙanƙara. Ya kama mariƙin, ya ɗaga, ya tura, yana ci gaba da ba Baba labari. Na gani a lokacin. Na ce a raina, mutumin nan kamar ɗan gida.

A gidansa kuma akwai ɗaki a baya mai kwaɗo biyu. Ya ce nan yake killace marasa lafiya, kada in shiga in kwaso wa namu cuta. Na'urar sanyin ɗakin ta fi ta ɗakin kwanansa girma.

Ku da kuke rubuto mini cewa in daina yawan tunani, namiji nagari ya samu, ga lissafin da ya rage. Wanda ya saci Deacon ya saci abin da ba ya sayuwa. Shekara biyar ta ishe shi ya tara tagulla ɗaki guda. Amma ranar da ya ɗora ɗaya a teburin baje koli, kowa ya san ta wace ce, kowa ya san Kubecka bai taɓa sayarwa ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai fito da su ba a tambaye shi ba. Surukin Emil Kubecka.

Ban yi kuka ba. Na lura dai zoben ya yi mini yawa, yana juyawa a yatsa.

Tate, 11:20: *Shiru nake ji. Fushi ake da ni ne?*

*Aiki ne,* na rubuta.

Tate, 11:21: *Kwana uku ya yi yawa. In ba su fito ba zuwa yamma a tsaga musu, kar su mutu a ciki. Zan zo da almakashina bayan na tashi, wajen bakwai.*

Tate, 11:21: *Su Baba sun tafi Abilene, ko?*

Na daɗe ina kallon wannan saƙo na biyu. Na amsa na farko kawai: *To.*

Bakwai ta yi mini. Su Baba za su riga shi dawowa.

Na koma ɗakin macizai. Rana ta take, kwanon rufin yana ƙas-ƙas, hadari ya taru ta yamma irin wanda ba ya zubar da komai. Na ɗauki hoton jariran biyu kusa da ɓawon ƙwan, da katin, da kwanan wata. Na nemo lambar Royce. Saƙo na ƙarshe tsakaninmu nasa ne, barka da ranar haihuwa, wanda ban amsa ba.

Na tura hoton. Na rubuta: *Yaya. Uwarsu Penny ce, 'yar Deacon. Ubansu macijin wanda zan aura ne, ya ce a daji ya kama shi. Ka gaya mini gaskiya, ka taɓa ba wani jinin nan?*

Alama ta nuna ya gani. Bai amsa ba.

Na sa kowane jariri a jakar yadi daban, na ɗaure, na kai cikin gida. Na fitar da takalman aurena daga kwalinsu, farare masu tsini, na huda murfin da fil ɗin Gwaggo, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul, na kwantar da jakunkunan. Na tura kwalin ƙasan kabad, bayan jelar rigar Mama.

Saura ɓawon ƙwan. Na yi tunanin zubar da shi in ce biyun sun ruɓe. Amma na zauna a kotu da yawa, na ga abin da ke samun mai gaskiyar da ya ɓata shaidarsa da hannunsa. Ɓawo tara a manne, kowanne da tsagarsa, shi zai nuna wa Baba daga ciki ɗaya suka fito. Na yanke shawarar in kai akwatin ɗakin Baba in kulle.

Biyu da kwata na koma ɗauko shi. Na ajiye wayata a kan teburin aiki don in kama akwatin da hannu biyu. A lokacin na ji tayoyi a kan tsakuwa.

Na san ƙarar a-kori-kurarsa. Ƙofar mota ta rufe. Bai nufi cikin gida ba, bai kira sunana ba. Takun takalminsa ya zagayo kai tsaye ta bayan gida. Mariƙin ya ɗaga, ƙofar ta buɗe.

Yana sanye da shuɗiyar rigar da na saya masa, mai maɓallan ƙarfe, an goge ta. Hula a hannu ɗaya, ledar 'ya'yan itace a ɗayan.

"Na Gwaggo ne," ya ce, ya ajiye ledar. "An tashe mu da wuri. Na ce bari in zo in ga amarya ita kaɗai, tun kafin a fara yi mini rowarta." Ya sumbace ni a goshi. "Kin yi sanyi. Lafiya?"

"Na'urar sanyi ce."

"Ina malalatan?"

Akwatin yana gabana. Ya miƙa hannu ta gefena ya ɗaga murfin. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa ɗan yatsa yana taɓa ɓawon ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi.

"Ashe sun fito."

"Ɗazu."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na so in ba ka mamaki."

"To ga ni." Ya dubi layin ƙananan kwanukan a kan kanta. Ya ƙirga su da ido. "Ɓawo tara, Lorna. Kwano bakwai."

Na riga na shirya amsa, mara kyau, amma ita kaɗai nake da ita. "Laifina ne. Na haɗa su wuri ɗaya ina wanke kwanuka, na shiga gida na manta. Da na dawo babu biyu. Manyan sun haɗiye su."

"Kai. Sarakuna ke nan." Ya yi 'yar dariya. "Ba su da zumunci."

Ya ajiye hular. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauko kwano na farko, ya fito da jaririn. Ya bi cikinsa da babban yatsa tun daga wuya har wutsiya, a hankali, kamar mai lallashi. Ya mayar, ya rufe. Ya ɗauko na biyu. Hannunsa yana da kyau a kan maciji, shi ne abin da na fara so a jikinsa. Jaririn da ya haɗiye ɗan'uwansa ba ya ɓoyuwa, cikinsa yakan yi tauri kamar igiya. Na tsaya ina kallo har ya gama na bakwai.

"Ba wanda ya ci komai a cikinsu," ya ce.



Ya taka zuwa akwatin Penny. Ya zare katin ya karanta, ya juya bayansa, ya mayar. Sai ya jawo akwatin rabi, ya sa tafin hannu a ƙarƙashi yana shafawa, kamar mai neman makulli a saman ƙofa. Hannun ya tsaya. Ya durƙusa ya leƙa. Ya jawo na kusa da shi, mai katin da ya ce mai ɗauke, ya shafa, babu komai. Ya jawo na gaba.

"Tsohon nan," ya ce a hankali. Ba fushi a muryarsa, har da ɗan yabo. "Tsohon nan ya iya."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya je ƙofa. Na ɗauka fita zai yi. Ya kama mariƙin, ya ɗaga, ya rufe ta, ya jingina bayansa a jiki.

"Wane launi ne, amarya?"

Wayata ta yi haske a kan teburin. Tana tsakaninmu, ta fi kusa da shi da taku ɗaya. Ban taɓa ɓoye saƙonnina ba, suna fitowa a fuskar wayar kowa ya gani. Ya sunkuyar da kai ya karanta, ni na karanta a juye.

Yaya Royce, 2:31: *Ban taɓa ba kowa ba. Jinin Deacon ne. Kar ki bar shi ya shigo gidan. Na taso.*

Tate ya kifa wayar a hankali, ya bar hannunsa a kanta.

Daga Lubbock zuwa gidanmu tafiyar awa uku ce.